AIKIN JINYA A ASIBITOCIN GYARAN JIKI: INDA CINIKI YA GAMU DA KIWON LAFIYA

LEGAS. Ran 23 ga watan Oktoba, 2005, labari ya iso Nijeriya daga ƙasar Sifen cewa uwargidan Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Misis Stella Obasanjo, ta rasu bayan an yi mata tiyatar zuƙe kitse a wani asibiti da ke yankin Marbella. A shekarar 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da ya yi aikin da laifin sakaci, ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara ɗaya, ta kuma dakatar da shi daga aikin likita har shekara uku. A wancan zamani irin wannan aiki na masu hannu da shuni ne, kuma galibi sai an hau jirgi an ƙetare teku.

Yau kuwa al'amarin ya canja. Duk wanda ya zaga unguwannin Lekki da Ikoyi a Legas, ko Wuse da Maitama a Abuja, ko wasu sassa na Fatakwal, zai ga allunan asibitoci da shagunan da ke tallar gyaran fuska, da rage teɓa, da ƙara mazaunai, da goge tabo. Sana'ar ta zo gida, ta kuma soma ɗaukar ma'aikata. Daga cikin ma'aikatan nan babu wanda nauyi ya fi hawa kansa kamar ma'aikaciyar jinya, watau nas, domin ita ke tarbar mai neman aiki tun daga bakin ƙofa, ita kuma ke zaune kusa da gadonsa bayan likita ya wanke hannu ya tafi. Saboda haka ya kamata ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jari a wannan fanni, da uban da 'yarsa ta sami tayin aiki a irin wannan wuri, su san abin da aikin ya ƙunsa.

Tiyata biyu, kuɗi biyu

Da farko sai a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Akwai tiyatar gyaran naƙasa, wadda ake yi wa wanda wuta ta ƙona, ko jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko yaron da cutar noma ta cinye masa fuska. Irin wannan aiki ne ake yi a Asibitin Yara na Noma da aka kafa a Sakkwato a 1999, da sassan kula da ƙuna na asibitocin ƙashi na Igbobi a Legas da na Enugu. Sa'an nan akwai tiyatar kwalliya, wadda ake yi wa mutumin da lafiyarsa ƙalau, amma yana so a sauya masa wani sashe na jikinsa.

Ilimin ɗaya ne, wuƙar ma ɗaya ce, sai dai hanyar shigowar kuɗi ta sha bamban. Na farko gwamnati da ƙungiyoyin agaji kan taimaka wajen ɗaukar nauyinsa. Na biyu kuwa mai nema ne ke biya daga aljihunsa, kuma tun kafin a taɓa shi, tunda tsarin inshorar lafiya na ƙasa bai ɗauki nauyin tiyatar kwalliya ba. Wannan ne ya sa asibitin gyaran jiki ya fi kama da shago bisa ga sauran asibitoci. Maras lafiya tilas ce ke kai shi asibiti, ba ya buƙatar a tallata masa magani. Mai neman kwalliya kuwa sai an jawo shi, yana iya fasawa, yana iya zuwa wurin wanda ya fi araha. Ke nan asibitin yana rayuwa ne a kan talla da kyakkyawar tarba, kuma rabin wannan aiki a hannun ma'aikaciyar jinya yake.

Girman kasuwar

Ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, ISAPS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 likitocin wannan fanni sun yi aiki kusan miliyan 35 a faɗin duniya. Kimanin miliyan 16 daga ciki tiyata ce, sauran miliyan 19 kuma ayyuka ne da ba a yanka fata, kamar allurai da haskawa da na'urar leza. A shekarar ta 2023 Amurka ce kan gaba, Brazil na biye, kuma zuƙe kitse ne ya fi yawa a ɓangaren tiyata. Abin lura shi ne wannan ƙiyasi daga likitocin tiyata kaɗai aka tattara shi. Alluran da ma'aikatan jinya da likitocin haƙori da masu shagunan gyaran jiki ke yi ba su shiga ciki ba, saboda haka ainihin kasuwar ta zarce wannan adadi.

Jigon cinikin shi ne allurar Botox. Ana samun sinadarinta daga gubar wata ƙwayar cuta, ana kuma amfani da ɗan mitsitsin adadi domin a sanyaya tsokar fuska, ta yadda tamoji zai kwanta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989 domin maganin karkatar ido da ƙiftawar fatar ido, sa'an nan a 2002 ta amince a yi amfani da ita don kwantar da tamojin tsakanin gira. A 2020 kamfanin AbbVie ya sayi kamfanin Allergan mai yin Botox a kan kuɗi kimanin dala biliyan 63.

Dalilin da ya sa 'yan kasuwa ke son wannan allura mai sauƙin ganewa ne. Aikinta ba ya wuce wata uku zuwa huɗu, daga nan tsoka ta farfaɗo, tamoji ya dawo, mai shi ma ya dawo. Haka ma allurar cike fata, wadda ake cusa wa leɓe ko kumatu, jiki na narkar da ita cikin wasu watanni ko shekara guda da wani abu. Tiyata sau ɗaya ake yin ta, amma allura ciniki ne mai maimaita kansa kamar aski. Kuma allurar ba ta buƙatar ɗakin tiyata, ba ta buƙatar likitan sa barci, ba ta ɗaukar ko da awa guda. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka da Ostareliya, ma'aikatan jinya ne ke yin kaso mai yawa na waɗannan allurai, kuma albashinsu bai kai na likitan tiyata ba. A nan ribar take.

Yadda yinin nas ke kasancewa

Aikin yana somawa kafin ranar tiyata. Ma'aikaciyar jinya ce ke ɗaukar tarihin lafiyar mai neman aiki: ko yana da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko yana shan taba, ko yana shan maganin tsinka jini, ko mace tana da juna biyu. Ita ke auna jini da nauyi, ta tabbatar an yi gwaje-gwajen da likita ya rubuta. Ita ce kuma ke tabbatar da cewa likita ya yi wa mutumin bayanin haɗarin da ke tattare da aikin, ya fahimta, sa'an nan ya sa hannu a takardar amincewa. Sau da yawa wurin nas ne mutum ke faɗin abin da ya ɓoye wa likita, alal misali cewa ya daɗe yana shafa man canza launin fata. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin mayukan da ke ɗauke da sinadarin sitiroyid suna sa fata ta yi fele-fele, ɗinki ya ƙi kamawa, rauni ya daɗe bai warke ba.

A ɗakin tiyata aikinta ɗaya ne da na kowace nas ta tiyata. Za ta dafa kayan aiki a na'ura, ta jera su, ta miƙa wa likita, ta ƙirga auduga da allurai kafin a rufe da bayan an rufe. A aikin zuƙe kitse akwai ƙarin lissafi. Ana ɗura wa wurin ruwa mai yawa da aka gauraya da maganin kashe zafi, sa'an nan a zuƙo kitsen ta wani siririn bututu. Wajibi ne a riƙa rubuta yawan ruwan da ya shiga da wanda ya fita, domin idan maganin ya yi yawa a jini yana iya taɓa ƙwaƙwalwa da zuciya, kuma alamun hakan kan bayyana ne sa'o'i da dama bayan an gama aiki.

Wannan ne ya kawo mu ga sashen da ya fi nauyi, watau daren farko. Likita ya koma gida, mai asibiti ya rufe ofis, ana ganin an gama. Amma zubar jini ta ciki, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa wanda kan ɓalle ya toshe huhu, da shigar ƙwayoyin cuta, duk bayan tiyata suke nuna kansu. Nas ɗin da ke duba bugun zuciya da numfashi da yawan fitsari a kan lokaci ita ce za ta ga alamar farko. Idan ƙwararriya ce, za ta kira likita tun abin bai yi nisa ba, ta shirya motar kai mutum babban asibiti. Idan ba ta san alamun ba, ko kuwa ita kaɗai aka bar wa gadaje da yawa, sai gari ya waye a kan labari maras daɗi.

Bayan sallama kuma aiki bai ƙare ba. Akwai wankin rauni, da cire zare, da koya wa mutum yadda zai sa rigar matse jiki, da amsa waya a kowane lokaci. Mai jinyar zazzaɓi yakan gode wa Allah da ya tashi. Mai kwalliya kuwa madubi ne alƙalinsa, kuma a makonnin farko jiki a kumbure yake. Lallashin wanda ya biya kuɗi mai yawa amma bai ga abin da yake tsammani ba tukuna, shi ma wani aiki ne da ba a rubuta shi a takardar ɗaukar aiki.

Inda haɗarin yake

Aikin da ya fi jawo magana a Legas shi ne ƙara mazaunai, wanda aka fi sani da BBL, inda ake zuƙo kitse daga ciki ko baya a mayar da shi mazaunai. A 2017 wani kwamitin bincike na likitocin tiyatar kwalliya a Amurka ya ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗaya cikin 3,000 da aka yi wa wannan aiki na rasa ransa, adadin da ya zarce na kowace tiyatar kwalliya a lokacin. Dalili shi ne a cikin tsokar mazaunai akwai manyan jijiyoyin jini, kuma idan bututu ya huda ɗaya, kitse zai bi jini ya tafi zuciya da huhu. Tun 2018 ƙungiyoyin likitocin suka ba da umurnin a tsaya a ƙarƙashin fata, kada a shiga tsoka.

Allurar cike fata ma, wadda ake ɗauka ƙaramin aiki ce, tana da nata hatsari. Idan sinadarin ya shiga jijiyar jini, sai ya toshe ta, fatar wurin ta soma mutuwa, kuma a wasu wurare na fuska, kamar gefen hanci da tsakanin gira, yana iya kai wa ga makanta. Akwai maganin da ke narkar da irin sinadarin da aka fi amfani da shi, amma sai yana nan a ɗakin, kuma sai mai allurar ya gane alamar nan take, watau fata ta koɗe ga zafi mai tsanani. A irin wannan wuri ne karin maganar nan ta garin gyaran gira a rasa ido take zama gaskiya ƙiri-ƙiri.

Akwai kuma abin da ya shafi baƙar fata musamman. Na'urorin leza da dama launin fata suke bi, saboda haka idan aka haska baƙar fata da na'urar da ba ta dace ba, ko aka ƙara mata ƙarfi, sai ta ƙone ta bar tabo. Bugu da ƙari baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu. Horon da aka samu a kan farar fata ba ya wadatar da mai aiki a Legas ko Abuja.

Na ƙarshe shi ne ƙarin ruwa mai sinadarin gulutatiyon da ake yi domin haska fata. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na amfani da kayan canza launin fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Hukumomin magunguna na Amurka da Filifin sun yi gargaɗi cewa ba su amince da wata allura don haska fata ba. Amma tunda sai an nemi jijiya kafin a ɗaura ruwan, ma'aikaciyar jinya ce ake nema ta yi wannan aiki, wani lokaci har a gidajen mutane.

Me ya sa nas ke karɓar aikin

Amsar tana cikin halin da kasuwar ƙwadago take ciki. A watan Fabrairu na 2024 shugaban Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. A wannan wata ne majalisar ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu bayan kammala karatu kafin a tantance mata takardun fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen watan Yuli na 2025 kuma ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa ta shiga yajin aikin gargaɗi a kan alawus da ƙarancin ma'aikata.

Wanda ya san halin da ɗakunan kwanciya na asibitocin gwamnati suke ciki ba zai yi mamaki ba idan matashiyar nas ta ga allon asibitin gyaran jiki ta tsaya. A can akwai sanyin na'ura, marasa lafiya kaɗan ne, aikin dare bai kai na babban asibiti yawa ba, kuma masu zuwa mutane ne da ke iya yin kyauta. Ga wadda ba ta da halin biyan kuɗin jarrabawar fita waje, wannan wata ƙofa ce a cikin gida.

Sai dai akwai abin da ake sarayarwa. Aikin gwamnati yana da tsarin albashi na CONHESS, da ƙarin girma, da fansho, da ƙungiya mai tsaya wa ma'aikaci. A ƙaramin asibiti mai zaman kansa kuwa abin da aka rubuta a yarjejeniya shi ne kaɗai abin dogaro, idan ma an rubuta. Har ila yau nas ɗin da ta shekara biyar tana allurar fuska hannunta kan yi sanyi a aikin gaggawa da na haihuwa da na yara, waɗanda su ne ake tambaya idan ta so komawa babban asibiti. A ma'aunin ƙasa baki ɗaya kuma, kowace nas da ta koma gyaran fuska an rasa ta ke nan a ɗakin haihuwa, ko da ba ta ƙetare iyaka ba.

Matsalar kamasho

A wannan sana'a, a ƙasashe da dama, akan haɗa wa ma'aikaci albashi da kamasho a kan kowace allura ko man shafawa da ya sayar. Ga mai asibiti wannan dabara ce mai kyau, domin tana rage masa nauyin albashi a watan da ciniki ya ja baya. Amma masana tattalin arziki sun daɗe da sanin illar irin wannan tsari a duk inda mai sayarwa ya fi mai saye sanin kayan. Mai neman kwalliya bai san ko yana buƙatar allura ɗaya ko uku ba, maganar mai farar riga yake bi. Idan mai farar rigar tana da rabo a kowace allura, to, an sa ta tsakanin aljihunta da amanar aikinta.

Sau da yawa aikin da ya fi dacewa nas ta yi shi ne ta ce a'a: ga yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, ga mai hawan jinin da bai sauka ba, ga wadda aka yi wa aiki sau uku amma har yanzu madubi bai gamsar da ita ba, wanda alama ce ta damuwar da wuƙa ba ta magani. Kowace a'a hasarar ciniki ce a ranar. Don haka ne majalisar likitocin Birtaniya ta fitar da ƙa'ida a 2016 da ta hana tallar sayi ɗaya a ba ka biyu a aikin kwalliya, ta kuma wajabta a ba mutum lokaci ya yi tunani kafin a yi masa aiki.

Kuɗin musaya da jabun kaya

Kusan duk abin da asibitin gyaran jiki ke amfani da shi daga waje yake zuwa: allurai, na'urori, zaren ɗinki, rigunan matse jiki. A watan Mayu na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin N460 a farashin gwamnati. Bayan an saki Naira a watan Yuni na wannan shekara, ta haura N1,500 a farkon 2024. Ma'ana kayan dala 100 da ake saye N46,000 ya koma sama da N150,000. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar lantarki na masu rukunin A daga kimanin N68 zuwa N225 a kowane ma'auni. Allurar Botox kuwa a firiji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8, na'urar dafa kayan aiki ma wuta take ci.

Idan kuɗin gudanarwa ya tashi haka, mai asibiti yana da zaɓi biyu: ya ƙara farashi ya rasa wasu masu zuwa, ko ya rage kashe kuɗi. Wuraren da ake rage kuɗi a ɓoye sanannu ne, watau a sayo allurar da ba ta da lambar NAFDAC, a ƙara mata ruwa, a sallami likitan sa barci, a maye gurbin nas mai rajista da wadda ta koyi aiki da ka a wani asibiti. Matsalar jabu ba ta tsaya ga Nijeriya ba. A 2024 hukumomin lafiya na Amurka sun yi gargaɗi a kan jabun Botox bayan an kwantar da mutane a jihohi da dama. Kafin nan, a 2010, an gano kamfanin PIP na Faransa yana cika robar ƙara nono da silikon na masana'antu, aka janye kayan daga kasuwa, aka kuma yanke wa mai kamfanin ɗaurin shekara huɗu a 2013. A ƙarshe nas ce ke buɗe kwalba, ita ke ganin lamba da ranar lalacewa. Araha ba ta ado, a wannan sana'a kuwa har rai takan ci.

Abin da doka ta tanada

A Nijeriya hukumomi da dama ne ke da hannu. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke ba likita lasisi, kuma tiyata aikin likita ne. Majalisar jinya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa, ita ke rajistar nas, tana kuma iya soke sunan wadda ta saɓa ƙa'ida. Ba ta san da zaman wadda ake kira okzilari ba, kome daɗewarta a asibiti. Daga cikin fannonin ƙarin ƙwarewa da majalisar ta amince da su akwai jinyar ƙuna da tiyatar gyaran jiki, wadda ake koyarwa a Igbobi da Enugu. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke rajistar magunguna da kayan shafawa. Ginin asibiti kuwa na jiha ne: a Legas hukumar HEFAMAA, wadda dokar jihar ta 2006 ta samar, ita ke rajista da duba asibitoci. A 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta rufe wani asibitin tiyatar kwalliya a Lekki bayan koke-koken jama'a.

Giɓin yana wurin ayyukan da ba tiyata ba, waɗanda ake yi a shagunan da suka yi rajista da sunan gyaran gashi ko tausa. Ingila ta sha fama da irin wannan giɓi. Rahoton kwamitin Sir Bruce Keogh na 2013 ya nuna cewa tara cikin goma na ayyukan kwalliya a ƙasar ba tiyata ba ne, kuma wanda aka yi wa allurar cike fata ba shi da wata kariyar doka da ta wuce ta mai sayen burushin goge baki. Daga watan Oktoba na 2021 aka haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 waɗannan allurai domin kwalliya, kuma daga watan Yuni na 2025 majalisar jinya ta Birtaniya ta wajabta wa nas mai izinin rubuta magani ta ga mutum ido da ido kafin ta rubuta masa allurar kwalliya.

Abin da ya kamata nas ta riƙe shi ne lasisi nata ne, da sunanta. Idan ta yi aikin da ya wuce hurumin horonta, ko ta yi allurar da likita bai rubuta ba, cewa mai gida ne ya sa ta ba zai fisshe ta a gaban majalisa ko kotu ba. Mai jari yana iya rufe wannan kamfani ya buɗe wani da sabon suna. Wadda aka soke wa rajista kuwa sana'arta ta tafi ke nan.

Ga Musulmi mai jari ko mai aiki akwai ƙarin abin dubawa. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar da ake yi don gyara naƙasa ko aibin da ke cutar da mai shi, ta kuma hana wadda ake yi wa lafiyayyen jiki don kawai sauya halitta. Ke nan irin ayyukan da asibiti ya zaɓa ya riƙa yi su ne za su nuna matsayin kuɗin da ake samu.

Lissafin mai zuba jari

Wanda ke son shiga wannan harka ya sani cewa babban jarinsa suna ne, kuma sunan yana hannun ma'aikatan da ke kwana da marasa lafiya. Na'ura ana sayo ta da kuɗi cikin mako guda, amma nas mai horon tiyata a yau Ingila da Kanada da Saudiyya ne ke zawarcinta, saboda haka riƙe ta sai da albashi mai kyau. Kafin a sayi kujerun alfarma na ɗakin jira, a tanadi iskar oksijin, da magungunan gaggawa, da janareta na biyu, da rubutacciyar yarjejeniya da babban asibiti mafi kusa, da inshorar da za ta biya diyya idan an yi kuskure. A biya nas cikakken albashi wanda bai dogara da yawan allurar da ta sayar ba, a kuma ba ta ikon dakatar da aiki idan ta ga abin da bai kwanta mata ba.

Ita kuma mai neman aikin, tambayoyinta kafin ta sa hannu ba su da yawa: wane likita ne ke rubuta magani, kuma yana da rajista? Jiha ta yi wa asibitin rajista? Nas nawa ke kwana, a kan gado nawa? Ina ake kai mutum idan abu ya ɓaci da tsakar dare? Asibitin da ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, wurin aiki ne. Wanda ya soma da zancen kamasho kafin ya nuna mata inda tukunyar oksijin take, gara ta nemi wani.